Zare: Turken da ke cikin jikinka, da ƙugiyar da ake kamo shi da ita

1/
Jama'a, duk wanda aka taɓa huda masa yatsa a asibiti aka ɗiga jininsa a kan 'yar farar robar nan ta gwajin maleriya, to ya taɓa cin moriyar antibodi, ko ya sani ko bai sani ba. Layin nan da ke fitowa aikinsa ne. Haka ma tsinken gwajin ciki. Yau a kansa zan ja zare. Ku gyara zama 🧵

2/
Ni ɗan Gafasa ne, ƙaramar hukumar Ajingi, gabas da Kano in ka bi ta Wudil ka yi wajen Gaya. Ina aji huɗu a jami'a, Bayokemistiri nake karantawa. Ba likita ba ne ni, don haka don Allah kar wanda ya turo min hoton takardar asibitinsa 😅

3/
Zangon da ya wuce malaminmu ya raba mana maudu'in samina. Wasu suka samu ciwon suga, wasu sikila, wasu zogale. Ni da na buɗe tawa takardar sai ga shi an rubuta: amfani da antibodi wajen binciken furotin ɗin AKAP. Na kusa da ni ya leƙo, ya dafa min kafaɗa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, mutumina."

4/
Wata uku na yi ina fama da shi, tsakanin laburare da datar dare. Yanzu ko an ce a canza min ba zan yarda ba, don a cikinsa na fahimci abin da ya kusa raba mu da ƙanena. Za mu zo wurin. Bari mu fara da shi kansa antibodin.

5/
Antibodi furotin ne da jikinka ke ƙerawa idan baƙon abu ya shigo, kamar ƙwayar cuta ko dafin maciji. Siffarsa kamar gwafa, mai kai biyu. Kowane ɗaya abu guda ya sani, shi yake nema ya manne masa. Wanda ya san ƙyanda babu ruwansa da sanƙarau. Allurar rigakafi ma koya wa jiki ƙera su take yi kafin cutar ta zo.

6/
Tun 1890 Emil von Behring da Kitasato suka nuna a Jamus cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana iya kare wata dabbar. Behring ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta likitanci, a 1901. Daga baya masana suka ce, tunda abin nan ya iya gane fuska haka, mu ma mu riƙa aikensa ya nemo mana abin da idonmu ba ya gani mana.

7/
Ga yadda ake yi. Kana son ganin wani furotin a cikin jiki. Sai ka ɗauki ɗan guntunsa ka yi wa zomo allura da shi, ko akuya, ko tunkiya. Jikin dabbar ya ga baƙo, ya ƙera antibodi a kansa. Bayan wasu makonni ka ɗebi jini ka tace. Shi ke nan ka samu ɗan aikenka.

8/
Matsalar wannan hanyar, gauraye ne kake samu, kuma ranar da zomon ya mutu kayan sun ƙare. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij ta Ingila suka haɗa sel mai ƙera antibodi da sel ɗin kansa, wanda ba ya daina hayayyafa. Suka samu masana'antar antibodi iri ɗaya tak. Shi ake kira monokulonal. Sun ci Nobel a 1984.

9/
To mu ajiye antibodi a gefe tukuna, mu shiga cikin ƙwayar halitta, wadda muke cewa sel. Jikin babban mutum yana da sel wajen tiriliyan 30. Sai ka jera hamsin ko fiye kafin ka cika milimita ɗaya a rula. Amma kowanne gari ne guda, da ƙofofinsa, da unguwanninsa, da ma'aikata iri-iri.

10/
A ce kana dawowa daga hira da daddare, kare ya biyo ka. Nan take adirenalin ya zubo cikin jininka. Shi ba ya shiga cikin sel, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama. Sai a ciki a saki wani ɗan aike mai suna cAMP. Earl Sutherland ne ya gano shi a ƙarshen shekarun 1950, ya ci Nobel a 1971.

11/
Shi kuma cAMP sai ya je ya tashi wani enzayim, PKA, wanda aka gano a ɗakin binciken Edwin Krebs a 1968. Aikin PKA guda ne: ya manna wa sauran furotin ɗan tambarin fosfet. Wanda aka manna wa, ko ya kama aiki ko ya daina. Kuma waɗanda zai iya manna wa sun kai ɗaruruwa.

12/
Ga inda kan masana ya ɗaure. Homon iri-iri duk cAMP ɗin nan guda suke saki. To ta yaya sel yake gane wanda ya yi sallama? Kamar a ce mai gari da mai bin ka bashi da surukinka duk yaro ɗaya suke aikowa, kuma da kalma ɗaya: "wai ka zo." Wurin wa za ka je?

13/
Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983 Laurence Brunton da abokan aikinsa suka gwada wannan a zuciyar dabba. Sun zuba wani magani ɗan'uwan adirenalin: cAMP ya hau, bugu ya ƙara ƙarfi. Sun zuba wani sinadarin daban, firostagilandin: cAMP ya hau, amma bugun bai ƙara ƙarfi ba. Ɗan aike ɗaya, sakamako biyu.

14/
Amsar ita ce wuri. PKA ba yawo yake yi a cikin sel yadda ya ga dama ba. Akwai wasu furotin da ke riƙe shi a takamaiman waje, wani a bakin ƙofa, wani a jikin cibiya, wani a kan injin wutar sel. Su ne AKAP. An san sama da 50 yanzu. John Scott, wanda ke Jami'ar Washington a Amurka, yana cikin waɗanda suka fi aiki a kansu.

15/
Da na je gida hutu, ina zaune da yamma Baba yana ɗaure awaki, sai ya ce, "Wai kai ɗan boko, shekara huɗu me ake koya muku ne?" Na ce, "Baba, wani abu ne a jikin mutum da ke cin duk abin da bakinsa ya kai, sai aka samu wani da ke riƙe shi waje ɗaya." Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Au, turke."

16/
Wallahi duk littattafan da na karanta babu wanda ya faɗe shi haka. Wanda ya tashi a ƙauye ya sani: da damina ta faɗi aka yi shuka, za a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Akuyar ita ce dai, bakin nata shi ne dai. A turke ta ci ciyawar da ka zuba mata, a sake ta ci waken maƙwabci, gobe kana gaban mai unguwa.

17/
Baba ya ƙara da cewa, "Kuma tsawon igiyar ma da lissafi." Haka yake a sel. Adirenalin yana tayar da PKA ɗin da ke ɗaure kusa da injin bugun zuciya. Ɗayan sinadarin yana tayar da na wata unguwar. Daga yanzu in na ce turke a zaren nan, AKAP nake nufi.

18/
Tambaya ta gaba: wa ya taɓa ganin turken nan da idonsa? Ka leƙa maikuroskof ka ga sel, abu ne garai-garai kamar ruwan koko da aka tsinka. Furotin dubbai ne a ciki, babu mai launi, babu mai suna a goshi. A nan ne ake kiran antibodi. Hanya uku ake yawan aikensa.

19/
Ta ɗaya, ita ce muke cewa westan bulot. Ka niƙa sel, ka tura furotin ɗinsa cikin wani abu kamar kamu mai kauri da wutar lantarki. Ƙanana su yi gaba, manya su tsaya baya, kamar tankaɗe. Ka kwashe su a kan wata takarda, ka zuba antibodi. In furotin ɗinka yana nan, layi ya fito daidai nauyinsa. Tun 1979 ake wannan.

20/
Sunan wasu turakun ma daga nan ya samo asali. Akwai AKAP79 a ƙwaƙwalwar mutum: 79 ɗin inda yake tsayawa ne a sikelin. Ɗan'uwansa na ɓera AKAP150, na saniya AKAP75. Asali ɗaya, girma daban. Shi ya sa kafin ka sayi antibodi sai ka duba: na mutum ya sani ko na ɓera?

21/
Ta biyu, ka liƙa wa antibodi wani rini mai sheƙi a duhu, ka zuba a kan sel, ka duba a maikuroskof. Duk inda ya manne sai ya haska, kamar ka ba ɗan aike tocila ka hau soro kana kallon gidan da zai tsaya. Albert Coons ya fara wannan a 1941. Ita ce ke nuna maka unguwar da aka kafa turken.

22/
Ta uku na fi so, kamun ƙugiya. Ka ɗaura antibodi a jikin wasu 'yan ƙwallaye, ka jefa cikin niƙaƙƙen sel, ka jawo. Turken ya taho, tare da duk wanda ke ɗaure a jikinsa. Sai ka zauna ka tantance su ɗaya bayan ɗaya.

23/
Da irin wannan kamun ne a 1995 ɗakin binciken Scott ya nuna cewa AKAP79 ba PKA kaɗai yake riƙe ba. Akwai kalsinyurin a jikinsa, wanda aikinsa goge tambarin da PKA ya manna. A 1996 suka ƙara da na uku, PKC. Wato mai kunnawa da mai kashewa a turke guda suke, shi ya sa saƙon ke zuwa da sauri ya kuma ɗauke da sauri.

24/
Na san wani ya fara cewa, to mu ina ruwanmu, ɗan Gafasa? Haƙuri. Daminar 2021 kwalara ta yi ɓarna a Najeriya. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna sama da mutum dubu 100 da ake zargin sun kamu, sama da dubu 3 suka rasu. Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi muni.

25/
A wannan daminar ƙanena, lokacin yana shekara bakwai, ya fara amai da gudawa bayan la'asar. Kafin isha'i idonsa ya faɗa. In ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Abin da ke fita daga jikinsa kamar ruwan wankin shinkafa. Inna tana ta cewa, "Wai duk ruwan nan daga ina yake fitowa?"

26/
A kan babur muka kai shi asibiti, ni a baya na rungume shi, ga taɓo. Leda bayan leda aka ɗaura masa. Allah ya yi da sauran kwanansa, yanzu har ƙwallo yake bugawa yana min rashin kunya. Amma tambayar Inna ta zauna min a rai shekara da shekaru. Sai a wannan saminar na samu amsarta.

27/
A bangon hanji akwai wata ƙofa mai suna CFTR, ta nan gishirin kulorayid ke fita, ruwa ya bi bayansa. PKA ne ke buɗe ta. A ka'ida buɗewa kaɗan ce, a rufe. Dafin kwalara sai ya shiga ya maƙale makunnin cAMP a kunne. PKA ya yi ta aiki, ƙofa ta ƙi rufuwa. Babban mutum yana iya zubar da lita ɗaya a awa guda.

28/
To wa ya ajiye PKA a daidai bakin wannan ƙofar? A shekarar 2000 ƙungiyar Raymond Frizzell a Pittsburgh ta jefa ƙugiyar antibodi ta jawo CFTR, sai ga PKA ya biyo shi, da wani turke mai suna ezrin a tsakani. Turken da aka kafa don daidaita ruwan jiki, a gindinsa kwalara ke cin kasuwarta.

29/
Ga kuma abin mamaki. Akwai wata ƙofar daban a hanjin, mai shigar da suga da gishiri tare, ruwa ya bi su ciki. Dafin bai taɓa ta ba. Shi ya sa ruwan gishiri da suga ke ceton rai. In babu na leda: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi ana hanyar asibiti.

30/
Misali na biyu, azumi. Ka lura da la'asar fitsari yake raguwa ya yi ja? Ƙwaƙwalwa ce ta aika homon zuwa ƙoda cewa a riƙe ruwa. Can ma cAMP ne da PKA. Su ke sa a ɗauko wasu 'yan bututu, akwaforin, a jera a bango don a tsotse ruwan ya koma jini.

31/
A 1999 Enno Klussmann da abokansa a Berlin suka kwance PKA daga turkensa a sel ɗin ƙoda. Homon ya zo, saƙo ya shiga, amma bututun suka ƙi zuwa bango. Da antibodi mai sheƙi suka ga hakan. Don haka duk wanda ya kai azuminsa a zafin Afrilun Kano, akwai turke a ƙodarsa da ya taya shi.

32/
Na uku ya ɗan yi nauyi, amma gara a faɗa. A wutsiyar maniyyi, furotin ɗin da ya fi yawa a kuben da ke lulluɓe da ita turke ne, AKAP4. A 2002 masu bincike a Amurka suka cire shi daga jikin ɓeraye maza. Ɓerayen lafiyarsu ƙalau, suna samar da maniyyi, amma ba ya iya iyo. Ko ɗa ɗaya ba su haifa ba.

33/
Ban ce duk rashin haihuwar namiji daga nan yake ba, dalilai suna da yawa. Amma likitoci sun daɗe suna faɗa cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala ta ɓangaren mijin. Mu kuwa a garuruwanmu matar ake ɗura wa jiƙo, ita ake wa gori, ita ake wa kishiya. Maza, a je a yi gwaji tare.

34/
Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk labaran nan sun dogara ne a kan cewa ɗan aiken ya faɗi gaskiya. Shi kuwa antibodi ba dukkan furotin yake gani ba, wani ɗan lungu ne kawai a jikinsa. Ka aiki yaro Kantin Kwari ka ce ya kamo maka mai jar hula. Zai kawo maka mutum kam. Ko shi ne kake nema, wannan wata magana ce 😂

35/
Ba wasa ba ne. A 2017 masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su don gano wani furotin, ER-beta, wanda aka yi ta rubutu a kansa game da kansar mama. Guda ɗaya tak ya ci jarrabawar. Da aka yi aiki da wannan ɗayan, ba a ma ga furotin ɗin a naman mama ba.

36/
A 2023 wata ƙungiya a Montreal ta Kanada, YCharOS, ta gwada antibodi 614 na furotin 65. Fiye da rabi sun faɗi a aƙalla gwaji ɗaya. Tun 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun suka ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai ana asarar dala miliyan 350 duk shekara a kan antibodin da ba ya aikinsa.

37/
Turakun nan kuwa sun fi wuya. Da yawansu ƙwayar gado ɗaya ce ke fitar da dogo da gajere da matsakaici, kowanne da unguwarsa. AKAP18 kaɗai yana da alfa, beta, gama, delta. In antibodinka ya san lungun da dukkansu ke da shi, zai haska ko'ina, kai kuma ka rubuta cewa ka gano sabon abu.

38/
Ta yaya ake kama mai shaidar zur? Ka tambaye shi mutumin da ka tabbatar ya tafi Makka. In ya ce yanzu ya gan shi a kasuwa, ka gama da shi. A lab haka ake yi: a cire ƙwayar gadon furotin ɗin daga sel, yanzu da fasahar CRISPR, sannan a zuba antibodin. In har layi ya fito, ƙarya yake.

39/
Akwai kuma akasin haka, kuma ya shafe mu kai tsaye. Yawancin robar gwajin maleriya wani furotin na ƙwayar cutar suke nema, HRP2. A 2010 aka ba da rahoto daga Peru cewa wasu ƙwayoyin sun daina yin sa kwata-kwata. Sun cire hular. A 2016 Eritiriya ta canza irin robar da take amfani da ita saboda wannan.

40/
Don haka in an gwada ka an ce babu maleriya amma zazzaɓi ya ƙi sauka, kar ka wuce kemis ka haɗa wa kanka magani. Ka koma asibiti. Akwai gwajin maikuroskof, akwai kuma wasu cututtukan da ke zuwa da zazzaɓi waɗanda ya kamata a duba.

41/
To mu dawo gida. Bayan samina na samu malamin a ofis na ce, "Malam, ina so binciken kammala digirina ya zama a kan ezrin." Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ka duba kuɗin kwalba ɗaya?" Na duba. Abin da bai wuce ɗigo biyu ba, dala ɗari uku zuwa ɗari biyar. Ku buga da canjin yau.

42/
Kuma wannan na farko ne kawai. Akwai antibodi na biyu mai ɗauke da rini, akwai takardar, akwai kuɗin jirgi a cikin ƙanƙara, akwai kwastan. In ya iso lafiya, wurin ajiyarsa firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili. A ɗauke wuta ya narke, a kawo ya daskare, sau 'yan kaɗan ya lalace. Kai kuma ba za ka gane da ido ba.

43/
Shi ya sa in ka shiga ɗakin ajiyar kundin ɗalibai za ka ga shekara da shekaru ganye ake jiƙawa ana ba ɓera. Zogale, darbejiya, sabara, marke. Ba raini ba ne, ni ma ƙarshenta sabara nake yi. Amma iyakarmu mu ce "ya rage gudawa." Ta wace ƙofa? A wane turke? Babu kayan da za mu tambaya da su.

44/
Wannan ne ke min ciwo. Cutar a garinmu take, ganyen a dajinmu yake, tsofaffin da suka san shi suna raye. Amma wanda zai gano yadda yake aiki a cikin sel, ya mallaki maganin, sai mai firiza da dala. Daga baya a kawo mana shi a kwali mu saya.

45/
Dubi maganin sarar maciji, wanda shi ma antibodi ne. EchiTAb don Najeriya aka yi shi, saboda kububuwa. Macizan namu ne, aka kai su Liverpool aka tatsi dafin. Ɗaya a jikin tumakin Wales aka yi shi, ɗaya a jikin dawakin Kosta Rika. Sannan aka dawo aka gwada a Kaltungo ta Gombe, sakamakon ya fito a 2010.

46/
Akwai namu a cikin wannan aikin, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, wanda duniya ta san shi a fannin sarar maciji. Wato kan muna da shi. Dabbobin ma muna da su, duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar kasuwa ya san ba tumaki muka rasa ba.

47/
Ga labarin da ya fi tsaya min. A ƙarshen shekarun 1980 a wata jami'a a Brussels ta Beljiyam, aka ba ɗalibai aikin tace antibodi a darasin gwaji. Aka ɗauko musu ragowar ruwan jinin raƙumi da ke firiza, wanda aka ajiye don binciken sammore. Sai ga wani irin antibodi da babu shi a littafi. Raymond Hamers da abokansa suka wallafa a 1993.

48/
Na raƙumi ya fi namu sauƙin gini. Ɗan kan da ke kamawa ana iya yanke shi shi kaɗai, ana ce masa nanobodi, wajen kashi ɗaya cikin goma na girman namu. Yana jure zafi fiye da na zomo. In ka san rubutun ƙwayar gadonsa, bakteriya za ta yi ta ƙera maka shi a kwalba, iri ɗaya kullum. Har magani an fara yi da shi tun 2018.

49/
Wannan gwajin na Montreal ma ya nuna cewa antibodin da ake ƙerawa daga rubutun ƙwayar gado ya fi sauran cin jarrabawa. Turawa har gonar lama da alfaka suke ajiyewa, 'yan'uwan raƙumi na Kudancin Amurka, don wannan aikin. Mu kuwa ga raƙuma a kasuwar Maigatari, ga su kullum a abatuwar Kano, jinin yana bin kwata.

50/
Tarihin Kano ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su suka zo Dala neman tama. Mu mutanen wannan yankin da ƙira aka san kakanninmu. Maƙeri kuwa shi ke yin fartanyarsa, shi ke gwada kaifinta kafin ya kai kasuwa. Ban ga dalilin da zai sa jikokinsu su tsaya a sayen kayan aikin da ba su iya gwadawa ba.

51/
Abin da nake ganin zai yiwu ba sai an jira biliyoyi ba: jami'o'in Kano da Jigawa su haɗa kai a kan ɗakin gwaji ɗaya mai sola da firizar da ba ta mutuwa. Kwalba ɗaya tana isar ɗalibai da yawa, don tsinka ta ake yi har sau dubu. A raba, a rubuta wanne ya yi aiki wanne bai yi ba, kowa ya gani.

52/
'Yan'uwana ɗaliban kimiyya, in kuna karanta takardar bincike ku riƙa leƙa sashen kayan aiki, kar ku tsallake. Wane antibodi suka yi amfani da shi? Lambarsa nawa? Sun gwada shi a sel ɗin da aka cire wa furotin ɗin? In ba su faɗa ba, ku riƙe sakamakon da hannu ɗaya, ko daga wace ƙasa ya fito.

53/
Ƙannena 'yan sakandare na Ajingi da Gaya da ake ce muku in ba likitanci ba an yi asara: ku sake tunani. Likitan da ya ɗaura wa yaro ruwa, da wanda ya gano ƙofar da ruwan ke fita, duk aiki ɗaya suke yi. Na biyun ne muke da ƙarancinsa ƙwarai.

54/
Ni dai burina in Allah ya ara min rai in yi digiri na biyu a inda zan koyi ƙera nanobodi da hannuna, in dawo da shi. In akwai wanda ke aiki a irin wannan lab ɗin a Kano ko Zariya ko Dutse, ko wanke kwalabe ne zan zo in yi a hutu. Ku min magana.

55/
Nan zan tsaya, caji ya kusa ƙarewa.  A tura wa wanda zai amfana, musamman lamba 29, don damina ba ta da nisa. Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, zan bi su da daddare in sha Allah 🙏🏾